Karan-Miski a Ƙarƙashin Katifa

Tun da aka kawo Amatullahi gidan Mus'ab a Funtua ba ta sake sa gwanjo ba. Ba wai ba ta san shi ba ne. A gidansu na Ƙarfi da shi ta tashi, kuma ba ta taɓa jin wani ya ce abin kunya ne ba. Amma dangin mijinta 'yan kasuwar atamfa ne. Yayarsa, Hajiya Sadiya, shago gare ta guda a cikin kasuwa, kuma in aka ambaci gwanjo a gabanta sai ta yamutsa fuska ta ce, "Kayan matattu? Allah ya sawwaƙe mana."

Cikin Amatullahi na fari ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta zuwa ko'ina. Maƙwabciyarta Adesewa, 'yar gidan Alhaji Lateef mai sayar da kayan babur, ita ke shigowa da rana tana ɗebe mata kewa. A Funtua aka haifi Adesewa, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Wata rana ta miƙo mata waya tana dariya.

"Duba ki gani, ƙawata. Kayan da kakanninmu suka gaji da su, yanzu su 'yan gayu ke rububi."

Wani shafi ne a intanet, na wata mata a Kaduna mai sayar da tufafin da: leshi mai nauyi, saƙi, tsofaffin atamfofi waɗanda aka daina buga irinsu. Amatullahi tana ja da yatsa tana dariya ita ma, har ta iso kan wani zane da riga na karan-miski, ja mai duhu, da aikin zare ruwan zinari a baki. Nan dariyar ta tsaya. Mahaifiyarta ta rasu tun tana firamare, kuma hoto ɗaya ne kawai ta bar mata, wanda aka ɗauka ranar sunan Amatullahin. Irin wannan karan-miskin ne a jikinta.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta yi magana da matar, ta tura mata kuɗi, aka ba direban motar Kaduna, Adesewa ta karɓo mata a tasha. Da suka kwance ledar sai wani wari ya taso, irin na akwatin da ya daɗe a rufe.

"Wannan sai kin ba shi rana sosai," in ji Adesewa. "Ki baza shi a igiya ya sha zafi, ko ki tsoma shi a tafasasshen ruwa. Ba ki san ɗakin da ya fito ba."

"Matar ta ce ruwa yana kashe gashinsa."

"To rana fa? Ita ma kashe shi take?"

Amatullahi ta ce to. Amma igiyar shanya a tsakar gida take, kuma Hajiya Sadiya ba ta da lokacin zuwa. Tana iya faɗowa da hantsi, tana iya faɗowa da la'asar, ga ta da idon 'yar kasuwa, daga nesa take gane tufa da shekarunta. Don haka Amatullahi ta turara kayan da turaren wuta har warin ya ɓuya, ta ninke su da kyau, ta ɗaga katifa ta shimfiɗa su a ƙarƙashi, kamar yadda ake yi wa kayan da ake so su miƙe ba tare da guga ba. Nufinta ranar suna ta sa, in an tambaye ta ta ce na gado ne.

Ta haihu lafiya, mace. Da yake ba ta da uwar da za ta koma wa wankan gida, ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Kulu, ita ta taso daga Ƙarfi don ta yi mata wankan jego har arba'in. Lokacin kaka ne, aikin gona ya yi yawa. Ta baro masararta ba a gama ɓarewa ba, ta baro barkononta a shanye, ta bar komai a hannun ɗanta Rabe da matarsa. Ta iso da ƙullin kayanta a ka, da tabarma a hammata, da yajin jego cikin gwangwani.

"Ina maijegon? Tashi in gan ki. Kai, ji yarinya kamar an zare mata jini! Bari dai in kafa tukunya."

Tun daga ranar, safe da yamma sai ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen bedi, wato darbejiya, ta yi ta fyaɗa wa Amatullahi, ita kuwa tana ihu tana roƙo, Gwaggo tana cewa, "Yi ta kuka, gobe ke za ki gode mini." Ita ke dama kunun kanwa, ita ke wanke jaririya, ita ke rarrashinta. A ɗakin take kwana, a kan tabarmarta, gefen gado.

Ranar suna aka sa wa yarinya sunan mahaifiyar Mus'ab, ana kiranta Ummi. Hajiya Sadiya ta zo da kayan fitar suna daga shagonta, ɗinkakku, ta tsaya a kan Amatullahi har ta sa. Karan-miski bai ga rana ba. Hidimar jego ta sha kanta, har ta manta yana nan.

Bayan suna da ɗan lokaci aka fara ganin jajayen ƙuraje a hannun Ummi, a jere kamar an ɗiga su. Mus'ab ya ce sauro ne, ya sayo sabon gidan sauro. Ƙurajen suka ƙaru, suka hau wuya da kumatu. Amatullahi ma ta fara susa. Wata safiya Gwaggo Kulu tana gyara shimfiɗar jaririya sai ta ga wani ɗan abu ja yana gudu a kan matashi. Ta danne shi da farce, ta kai hanci.

"Kuɗin cizo ne," ta ce.

Kafin azahar labari ya kai shago. Hajiya Sadiya ta iso mayafinta a hannu, ta ɗauki Ummi ta fita da ita haske tana jujjuya ta.

"Innalillahi! Uwata aka yi wa haka? Uwata guda?"

Ba ta shiga ɗakin ta yi wa kowa magana ba. A tsakar gida ta tsaya, ta fuskanci ƙanenta, ta ɗaga murya yadda har na bayan katanga zai ji.

"Mus'ab, gidan nan a gabana aka gina shi. Katifar nan ni na zaɓo ta, a ledarta. Ba a taɓa ganin ko ƙuma ba a ɗakin nan, sai bana da muka yi baƙi. Ni ban kama sunan kowa ba. Amma dai wanda zai zo gidan jariri daga ƙauye, ai ya kakkaɓe kayansa."

"Yaya, don Allah ki rage murya."

"In rage ta in kai ta ina? Ƙarya na yi?"

Gwaggo Kulu tana bakin murhu tana tura itace. Ba ta ɗago ba. Amatullahi, daga cikin ɗaki, ta ji ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta yunƙura za ta fito ta tare wa gwaggonta. A lokacin ita ma ba ta san daga inda abin ya fito ba.

Da Hajiya ta tafi, Gwaggo ta shigo ta kwashe kayanta kaf, har da tabarma da sallaya, ta fita da su. Ta cika tukunyar wanka, ta zuba zannuwanta a ciki ɗaya bayan ɗaya tana juyawa da muciya. Mus'ab ya tafi neman mai feshi, ya ce a ɗage komai kafin ya dawo. Amatullahi ta kama gefen katifa ta ɗaga.

Karan-miskin yana nan yadda ta ajiye shi, ya miƙe sumul. Ta janyo shi, ta buɗe ninkin. A cikin kalmasar bakin zanen, inda aikin zinarin yake, suna nan jere, manya da ƙanana, da fararen ƙwayayensu, da baƙin kashinsu da ya daɗe har ya bushe. Daga nan suka yi hanya suka bi ɗinkin katifa. Ba sai an gaya mata ba. Wannan ba ɓarnar kwanan nan ba ce, da su aka kawo shi.

Ta leƙa ta taga. Gwaggo tana tsaye cikin tururi, tana matse zanen da ta fi so, wanda take zuwa biki da shi, ruwan zafi ya sa ya fara zuba.

Da a lokacin ta fita da shi a hannu, da magana ta ƙare a ranar. Ta san haka. Amma sai ta tuna fuskar Hajiya Sadiya, ta ji muryarta tana cewa kayan matattu, ta hango yadda za a yi ta maimaita labarin a shago, a gidan biki, har Ummi ta girma ta ji. Ta cusa kayan a leda, ta ƙara wata ledar, ta ƙulle tam, ta lallaɓa ta tura bayan buhunan masara a sito. Ta ce wa kanta gobe za ta faɗa, in hankali ya kwanta.

Aka yi feshi, aka fitar da katifa rana. Gobe ta zo ta wuce ba ta faɗa ba.

Gwaggo Kulu ba ta sake kwana a ɗakin ba. Ta mayar da shimfiɗarta baranda, ga sanyin kaka ya fara shigowa. Ta daina ɗora Ummi a cinyarta. In za ta yi mata wanka sai ta canza zane, ta kakkaɓe jikinta, tana gamawa ta miƙa ta. Wasan da take yi mata, tana kiranta mai kumatun alkaki, duk ta bari. In Hajiya Sadiya ta zo, sai ta gaishe ta a ladabce kamar ita ce ƙarama, ta koma bayan ɗaki.

Adesewa ta shigo barka da arziki, ta ga katifa a rana, ta ga tsohuwa a baranda. Ta ja Amatullahi gefe.

"Ƙawata, kayan nan kin shanya su kuwa?"

"Na shanya."

Adesewa ta dube ta, ta ɗan jima tana dubanta, sannan ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta fita. Ba ta sake shigowa ba a makon.

Abin da ya fi yi wa Amatullahi nauyi a wajen wanka ya same ta. Gwaggo tana fyaɗa mata ganye a baya, sai ta tsaya, ta ce a hankali, "Amatu, ki yafe mini. Na zo in rufa miki asiri, sai ga shi na jawo miki magana a gidan miji. Wallahi ban san ina da su ba. Tsufa ne, ido ya tafi."

Amatullahi ta sunkuyar da kai. Ta bar ruwan zafi yana bin fuskarta, ta ce, "Ba komai, Gwaggo."

Wannan ba komai ɗin ya hana ta cin abinci ranar.

Saura kamar mako biyu a yi arba'in, Gwaggo ta ce wa Mus'ab za ta koma gida, wai masara tana jiranta. Kowa ya san ba masara ba ce. Mai wankan jego ba ta tafiya kafin arba'in sai da dalili, kuma duk Ƙarfi za a tambayi dalilin. Mus'ab ya ba ta haƙuri, ta ce ta riga ta yanke. Hajiya Sadiya kuwa ba ta ce a zauna ba. Cewa ta yi akwai wata mata a unguwarsu da ta iya wankan, za ta ƙarasa.

Ranar tafiya da hantsi Hajiya ta zo da kayan sallama: turmin atamfa, sabulai, man shafawa. Ta ajiye a gaban Gwaggo ta ce, "Ga wannan, Gwaggo, ba yawa. An gode, Allah ya saka." Mus'ab ya fitar da babur zai kai ta tashar Malumfashi, ya ɗaure ƙullin kayanta a baya. Gwaggo ta zo bakin ƙofar ɗaki, ba ta shiga ba, ta leƙa Ummi daga nan.

"To, mai sunan manya, sai wata rana. Amatu, kar ki sake ki sha ruwan sanyi. Ko na ce ko ban ce ba, kunu kullum."

Ta juya. Amatullahi ta ga bayanta, ta ga zanen bikin nan da ya koɗe ya yi dabbare-dabbare, shi ta ɗaura don tafiya.

"Gwaggo, tsaya."

Ta shiga sito, ta janyo ledar, ta kawo tsakiyar gida ta ajiye a ƙasa. Ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da ta yage ledar. Jan karan-miski ya zubo a kan siminti, wasu 'yan ƙwari suka watse suna neman inuwa. Hajiya Sadiya ta yi tsalle baya tana tattare zane.

"Ke! Mene ne wannan?"

"Gwanjo ne, Yaya. A waya na saya, tun kafin in haihu. Ban wanke ba, ban shanya ba, don kar ki gani. A ƙarƙashin katifa na sa shi. Daga cikinsa suka fito. Ba Gwaggo ba ce."

Mus'ab ya kashe babur.

"Gwanjo?" in ji Hajiya. "A gidan nan? Ina da shago har rufi, ki rasa abin da za ki sa sai na wata matacciya a Kaduna? Me kika nema na hana ki?"

"Irin na mahaifiyata ne, wanda ta sa ranar..."

"Ba shi ake tambayarki ba," in ji Gwaggo Kulu. Muryarta ba ta tashi ba. "Wanda bai taɓa sayen abin da ya cuce shi ba, babu shi. Yaushe kika sani?"

Amatullahi ta durƙusa.

"Tun ranar da kika dafa kayanki."

"Da nake kwana a baranda kin sani."

"Na sani."

"Da na roƙe ki gafara a wajen wanka?"

Amatullahi ta kifa fuskarta a gwiwa. Ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige, ta ji idon mijinta a kanta, ta ji motsin maƙwabta a bayan katanga.

Hajiya Sadiya ta tsaya tana murza yatsu. Ba ta saba ba, amma sai da ta gyara mayafi ta rusuna a gaban tsohuwar. "Gwaggo, bakina ya yi gaba. Na ci mutuncinki a banza. Ki yi mini aikin gafara."

"Tashi, Hajiya. Ke abin da kika zata kika faɗa." Ta juya ga Mus'ab. "Sauke mini kayan nan. Zan ƙarasa wankan. Jikinta bai yi mini laifi ba, yarinyar ma haka."

Amatullahi ta ɗago za ta yi godiya, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar wayarta.

"Akwai sauran magana. Ranar da abin nan ya faru na kira Ƙarfi. Na ce wa Lantana matar Rabe ita ce ƙazama, ita ke share mini ɗaki amma ta bar ƙwari suka cinye shi har na kwaso na zo na ji kunya a birni. Babu abin da ban gaya mata ba. Na ce ta fitar da katifata ta ƙone. Yarinyar nan tun da ta zo gidana ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar." Ta miƙo wayar. "Ni zan ba ta haƙurin nawa. Amma ke za ki fara."

Amatullahi ta karɓa ta kira Lantana. Wayar ta yi ƙara sau da yawa kafin a ɗauka. Muryar Lantana ta fito da fara'a, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Inna, kun taso? A'a, maijego ce! Ya ɗanyen jiki? Ya Ummi? Ki ce wa Inna ɗaki ya yi fes, har farar ƙasa na shafa. Ba za ta sake samun ko ɗaya ba, in Allah ya yarda."

Amatullahi ta gaya mata. Ba ta rage komai ba, har da ledar da ta ɓoye a sito. Da ta gama, sai da ta duba wayar don ta ga ko ta yanke.

"To," in ji Lantana daga ƙarshe. Fara'ar ta tafi. "Ni na yafe, Allah ya yafe mana. Amma a ƙofar gida na ƙone katifar nan, da rana tsaka, matan unguwa suna tsaye suna tambayata. Har yau in na je rijiya sai an matsa nesa da ni. Su wa zai gaya musu?"

"Ni."

"Ta waya?"

"A'a. In na yi arba'in, yawon arba'in ɗina daga Ƙarfi zan fara. Gida gida zan shiga da Ummi. Duk inda aka tambaye ki, ki nuna mini, da bakina zan faɗa."

"Allah ya kai mu," in ji Lantana. "Ba ni Inna."

Gwaggo ta karɓi wayar ta nufi bayan ɗaki da ita. Ta yi taku kaɗan ta waiwayo, ta dubi Amatullahi da ke durƙushe har yanzu.

"Tashi daga kan simintin nan, sanyi zai shige ki. Mus'ab, a hura wuta, yau ba a yi wankan safe ba."